Za mu tafi hutun kwana uku da yara: shin inshorarmu ta wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum. A ƙasar da muke zaune sanyi ya fara janyewa, bazara ta shigo, kuma akwai hutun ƙarshen mako na kwana uku. Ni da maigidana da 'ya'yanmu uku, mai shekara 7 da mai shekara 4 da jaririya 'yar wata 8, mun kama hayar wani gida a bakin tafki, tafiyar awa biyar a mota. Ƙanin maigidana zai bi mu don ya riƙa karɓar tuƙi. Muna da inshorar mota da ta kayan gida. Shin sun ishe mu? Kuma me ya kamata in fi sa wa ido?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. A cikin wasiƙarki abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne ƙanin maigidanki, don haka da shi zan fara.

Kamfanin inshora yana rubuta yarjejeniya ne bisa rayuwar da kuka bayyana masa ranar da kuka cike takarda: wane ne direba, ina motar take kwana, me ake yi da ita. Hutu kuwa yakan sauya wannan tsari gaba ɗaya. Wani ne ya hau sitiyari, mota ta sha kaya, gida ba kowa. A irin wannan giɓi ne na fi ganin an hana mutane diyya. Na taɓa zama da wani magidanci da surukinsa ya karɓe shi tuƙi don ya ɗan runtsa, aka yi karo a wata mahaɗa. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, amma gaban motar ya ragargaje. Ya shigo ofishina da takardunsa cikin leda, ya shimfiɗa su a tebur yana ta maimaita cewa shekara tara bai taɓa fashin biya ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai sunan surukin ba ya cikin takardar, inshorarsa kuma ta direbobin da aka ambata da suna ce kawai. Na tausaya masa ƙwarai, amma ba abin da zan iya yi.

Saboda haka yau ɗin nan, kafin a rufe ofisoshi, maigidanki ya kira kamfanin ya tambaya ko an yarda ƙaninsa ya tuƙa motar. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a wasu wurare inshora tana bin mota ne, duk wanda mai ita ya ba izini ya shiga ciki, a wasu kuma sai wanda aka rubuta sunansa. Kamfanoni da dama sukan ƙara direba na 'yan kwanaki. In sun amsa, a nemi su aiko a rubuce. Kada ku dogara da cewa ai shi ma yana da inshorar tasa motar, domin ko da ta ba shi damar tuƙa motar wani, galibi ɓarnar da ya yi wa wasu kaɗai take biya, gyaran motarku kuma ya zama naku. A wannan kiran dai a tambayi abu biyu: nawa ne kason da za ku fitar daga aljihunku kafin kamfani ya sa hannu, kuma in mota ta mutu a hanya akwai mai zuwa ya janye ta ya kai ku masauki? Inshorar haɗari daban, ta lalacewar inji daban, mutane da yawa sai a gefen titi suke gano haka.

Ita hanyar kanta ita ce babban abin tsoro, fiye da duk sauran. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta ce ɗaura bel yana iya rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, kujerar yara kuwa tana rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari. Na san halin uwa: jaririya ta fara tsala kuka, sai hannu ya kai ga ɗaukarta a rungume. Don Allah kada ki yi mota tana tafiya. Lokacin karo ba hannun da ke iya riƙe yaro, komai ƙarfinsa. A tsaya, ki shayar da ita, a mayar da ita kujerarta. Kujerar ta fuskanci baya, kuma kada a sa ta a gaba inda jakar iska mai buɗewa lokacin karo ke aiki. Ki cire mata rigar sanyi mai kauri kafin ki ja igiyar, sai ki lulluɓa mata bargo daga sama, don kaurin riga yana sa igiya ta yi sako-sako ba a sani ba. Mai shekara 7 ma har yanzu yana bukatar kujerar da ke ɗaga shi. A ƙasashen Turai doka ta wajabta ta har yaro ya kai santimita 135, wasu ma 150, saboda bel ɗin manya a wuya da ciki yake sauka wa gajeren yaro.

Kada a taso da daddare bayan wunin aiki don wai a guje wa cunkoso. Mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, tuƙinsa ya yi kama da na wanda ya sha giya. A huta aƙalla minti 15 duk bayan awa biyu. A duba iskar taya da safe tun tana sanyi, a bi adadin da aka rubuta na cikakken lodi, yawanci yana manne a jikin ƙofar direba. Sannan kada sanyin iskar bazara ya ruɗe ku a bar yaro a rufaffiyar mota: cikin minti goma zafin ciki na iya ƙaruwa da digiri 11 a ma'aunin Celsius, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar.

Sai tafkin. A bazara iska takan yi ɗumi alhali ruwa na nan da sanyin hunturu. Ruwan da ke ƙasa da digiri 15 yana sa mutum jan numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba da zarar ya faɗa, ko gwanin iyo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 sun nutse a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru kawai za a ji. Abin da ke faruwa shi ne manya uku na zaune, kowa na zaton ɗan'uwansa na kallo. Ku riƙa faɗa da baki: yanzu kai ne da yara, har zuwa ƙarfe kaza. Wanda ke kan aiki ya ajiye waya, ya tsaya inda hannunsa zai kai ga mai shekara 4. Da kun isa, ki fara duba ƙofar da ke fita bakin ruwa, ko tana da sakatar da yaro ba zai kai gare ta ba.

A gidan hayar akwai wani abu da ido ba ya gani. Na'urar ɗumama ɗaki da ta lalace, ko murhun gawayi da aka shigo da shi ciki don an ga kamar ya mutu, suna fitar da gubar iska da ake kira kabon monoksaid, ba launi ba wari. In kuka ga kowa ya kamu da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, ku fita waje tukuna sannan ku kira agaji. Ƙaramar na'urar gargaɗi mai batir tana shiga jakar hannu, ki tafi da ita. Ki kuma rubuta adireshin gidan a takarda ki manna a ƙofa, domin mai kiran agaji a baƙon wuri sau da yawa bai san inda zai ce yake ba.

Gidanku da za ku bari ba shi da wata babbar matsala. Sharaɗin inshora da ke rage kariya in an bar gida ba kowa yakan fara aiki ne bayan kwana 30 ko 60, kwana uku ba komai ba ne. Amma a kulle kowace taga, don kamfanoni da yawa ba sa biyan satar da ba alamar fasa ƙofa. A rufe babban famfon ruwa. Hotunan hutu su jira sai kun dawo kafin su hau Facebook. Ki kuma duba ko inshorar kayan gida tana bin waya da kwamfuta in sun bar gida, don sau da yawa wannan ƙari ne da ake saya daban, haka ma ɓarnar da yaro zai yi a gidan mutane.

Ba ki faɗa ko za ku tsallaka iyaka ba. In za ku tsallaka, inshorar tafiya mai biyan kuɗin asibiti ta zama dole, kuma a bayyana duk wata cuta da wani ke da ita, ko asma ce da ta daɗe ba ta tashi ba, don ɓoye ta na iya rushe diyyar baki ɗaya. In cikin ƙasa ne, babban amfaninta shi ne mayar muku da kuɗin haya in tafiya ta fasa.

In wani abu ya faru a hanya, Allah Ya kiyaye, a fara fitar da yara zuwa bayan shingen titi. Sannan a ɗauki hoton motocin da lambobinsu da wurin, a karɓi sunan ɗaya direban da kamfaninsa, kada a yi gardamar wa ke da laifi kuma kada a amsa laifi a wurin. A sanar da kamfaninku a ranar. Lambar yarjejeniyar da ta kiran gaggawa su kasance a wayarki da ta maigidanki, da kuma a takarda cikin aljihun mota, ko da caji zai ƙare.