Tarin hunturu ya ƙi sakin maigida: me za a saya a kemis, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Mura ta kama shi da shigowar hunturu, ta tafi ta bar masa tari, yau kwana 10. Majinar ruwan ɗorawa ce, in ya kwanta sai ƙirjin ya dinga ƙara. A asibiti sun ce kumburin bututun numfashi ne, ba limoniya ba, suka sallame shi da parasitamol kawai. Mai kemis ɗin layinmu kuwa ya ce in sayi amoxicillin da maganin tari na kwalba. Wanne zan ɗauka? (Wata uwargida, Aboabo)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba Malam lafiya. Amoxicillin ɗin nan ki bar wa mai kemis kayansa. Kusan tara cikin goma na irin wannan tari ƙwayar bairos ce ke kawo shi, ita kuwa amoxicillin bakteriya take kashewa. Launin majina ne ke yaudarar mutane, amma ɗorawa ko koren da kike gani daga sojojin jini yake fitowa, ba ya nuna wace ƙwaya ce. Abin da zai iya samu a ciki shi ne gudawa ko ƙaiƙayin jiki, ran da kuma ya buƙaci maganin da gaske, wataƙila ya tarar ƙwayoyin sun saba da shi. Tarin kansa yakan kai mako 3 kafin ya lafa, don fatar cikin bututun tana jimawa ba ta warke ba. Kwana 10 bai yi yawa ba.

Maganin kwalba kuma, ki juya bayan kwalin ki karanta, kada ki bi hoton gaba. In an rubuta guaifenesin, mai tsinka majina ne. In dextromethorphan ne, danne tarin yake yi, ya fi dacewa da busasshen tari mai hana barci. Wanda ƙirjinsa ke cike gara ya tofar. Mu a ganinmu duka biyun amfaninsu bai taka kara ya karya ba. Wanda ke da pseudoephedrine ko phenylephrine yana ɗaga hawan jini, mai wannan ciwo ya kiyaye. Mai kodin kuwa gwamnatin Gana ta haramta shi tun 2018. Duk wanda ya zaro miki shi daga ƙarƙashin kanta, ki canza shago.

Ga inda aka fi yin kuskure. Parasitamol na babba ƙwaya 2 ne masu 500mg, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 a awa 24. To yawancin magungunan mura da parasitamol a cikinsu. Mutum ya sha wannan ya ɗora wancan, ya ninka bai sani ba, hanta ce ke biya. Ibuprofen kuma ba na mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko mai juna biyu ba ne.

Kuɗin nan ki sayi zuma da lemun tsami da citta. Ƙaramin cokali 1 ko 2 na zuma a ruwan ɗumi kafin barci yana sassauta tarin dare. Ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba, mai ciwon suga kuma ya lissafa ta cikin sugarsa. Ya yawaita shan ruwa, a ƙara masa matashi ya kwanta a kishingiɗe. Turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi su huta tukuna, a rataya gidan sauro. Kurfoti a fitar da shi tsakar gida. A shago ya sa takunkumi, don ƙurar yadi da ta titi duk ƙirjin suke sauka.

Amma in tarin ya cika mako 2, ya koma a gwada majinarsa don tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, asibitin Manhyia ma ga shi kusa da ku. In kuwa ya ga jini, ko numfashi na yanke masa yana zaune, ko zazzaɓi ya wuce kwana 3, ko yana rama da zufar dare, ba jira. Zazzaɓi a garin nan, a fara gwada maleriya kafin a ɗora wa ƙirji laifi.

Tambaya: Ƙanena da ke Ingila ya ce in saya wa mahaifiyarmu na'urar da ke fesa danshi a ɗaki. Tana da shekara 70, tarinta busasshe ne, ya kai wata 2. Ya fi surace? (Wani ɗan kasuwa, Asawase)

Amsa: Alhaji, na'urar nan a Kumasi aikinta daga Disamba zuwa Fabrairu ne, sauran shekara iskar garin da danshinta. In ka saya, a zubar da ruwan kullum, a shanya tankin, a wanke shi duk bayan kwana 3, in ba haka ba funfuna zai yi ya fesa mata a hanci. Surace kuwa daɗinsa na ɗan lokaci ne, kuma tafasasshen ruwa a gaban dattijuwa lulluɓe da bargo ƙuna yake jawowa.

Sai dai tarin wata 2 ya wuce maganar na'ura. Ka kai Hajiya a gwada majina, a ɗauki hoton ƙirji. Ka tafi da duk kwalayen magungunanta a leda: in tana shan lisinopril na hawan jini, shi kaɗai yakan sa busasshen tari mai naci. Kada ta daina sha da kanta, likita ne zai musanya mata da wani.