Me Ya Sa Ake Ce Wa Shafina Ba Shi Da Tsaro?

Tambaya: Malam, na buɗe shafin intanet da WordPress, manhajar gina shafuka, inda nake ajiye rubuce-rubucena, amma kwanan nan masu ziyara suna ganin gargaɗin cewa shafin ba shi da tsaro. Shin kutse aka yi mini? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, da wuya a ce kutse ne. Mafi yawanci takardar shaidar tsaro ta SSL ce wa'adinta ya ƙare, wato wadda ke sa adireshin shafi ya fara da https, kuma tun shekarar 2018 manhajar Chrome take yi wa shafin da ba shi da ita wannan tambari. Takardun SSL na ƙungiyar Let's Encrypt, waɗanda ake bayarwa kyauta, kwana 90 kawai suke yi, shi ya sa ake saita su su riƙa sabunta kansu, sai dai sabuntawar kan tsaya idan an sauya kamfanin da ke ajiye shafin. Ka shiga sashen SSL na asusunka a kamfanin, ka sake kunna takardar. Kafin ka taɓa komai, ka kwafe fayilolinka da rumbun bayanai zuwa kwamfutarka, domin mutane da yawa sukan tsallake wannan mataki.