LibreOffice ya ƙi ganin Java: abin da ya faru da ni

Ɗan'uwa, ka ce ka saka Java amma Base, sashen LibreOffice na ajiyar bayanai, ya kafe cewa babu ita. Kafin ka sake ƙona megarka wajen sauke wata, duba abu ɗaya.

Ni ma na sha wannan wahala a nan Damagaram, lokacin da nake haɗa ma wani mai kanti a Zango rajistar kayansa. Sau uku ina goge Java ina mayarwa, ga wuta tana tafiya tana dawowa. Ashe Javar lafiyarta ƙalau. LibreOffice ɗina na 64 bit ne, ita kuma ta 32 ce, kuma ba sa haɗa hanya. Ko ka nuna masa ita da yatsa, ba zai karɓe ta ba.

Galibin injinanmu da Faransanci suke, to shiga Aide, ka danna À propos de LibreOffice. In ka ga X86_64, naka na 64 ne. Sai ka leƙa inda Java ta sauka a Windows ɗinka. In tana cikin Program Files (x86), ta 32 ce, ka gano ɓarawonka. Nemo ta 64. Ni yanzu wata Java mai suna Temurin nake sakawa, kyauta ce.

Bayan nan: Outils, Options, LibreOffice, Avancé. Sa alama a akwatin amfani da Java, ka ɗan jira, don jerin Javar da ke injin yakan yi nawa kafin ya fito. In bai fito ba, danna Ajouter. A nan mutane ke kuskure: babban dosiyen Java za ka zaɓa, wanda ƙaramin dosiye mai suna bin ke cikinsa, ba java.exe ba. Ka danna ɗan da'irar da ke gefen sunanta, ka rufe LibreOffice gaba ɗaya, ka sake buɗewa.

In har yanzu ya ƙi, tsohuwar Java ce ya riƙe a ka. Rufe shi, ka shiga %APPDATA%\LibreOffice\4\user\config, ka goge fayil ɗin da sunansa ya fara da javasettings. Kada ka ji tsoro, zai ƙirƙiri sabo da kansa.

Mai amfani da Ubuntu maimakon Windows kuwa, ya ƙara saka libreoffice-java-common.

Af, in rubutu da lissafi kawai kake yi a Writer da Calc, kusan ba ka buƙatarta ma. Base ne ya fi buƙatarta, saboda HSQLDB, injin ajiyar bayanai da ke cikinsa, da Java aka gina shi. Faɗa mana abin da ka gani a À propos ɗin.