Me ake nema a tsofaffin fina-finai marasa magana?

Ɗan'uwa, ka tambaya me mutane ke gani a tsofaffin fina-finan faɗa da tsere na Amurka waɗanda ba a magana a cikinsu, har suke zuba kuɗi suna tara su.

Ni dai abin da ke riƙe ni shi ne hatsarin da kake kallo na gaske ne. A fim ɗin The General na 1926, Buster Keaton, jarumin fim ɗin, ya sa an tura jirgin ƙasa na ainihi kan gada mai cin wuta a jihar Oregon, gadar ta rufta da shi cikin kogi. Babu kwamfuta, babu damar sakewa. Har yau idan na kalli wurin sai tsigar jikina ta tashi.

Tsadar kuwa daga ƙaranci take. Zaren fim na zamanin, wato naitiret, yana ruɓewa, in ya kama wuta ko ruwa ba ya kashe shi. A 1937 gobara ta cinye ma'ajiyar fina-finan kamfanin Fox a jihar New Jersey. Binciken ɗakin karatun majalisar Amurka na 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun salwanta.

In za ka fara tarawa, nemi fastocin tallar fim da faya-fayan da aka gyara. Kada ka ajiye naitiret a ɗakinka.