An yi wa motata kiranye saboda birki, wa zai biya kuɗin gyara?

Tambaya: Barista, bara na sayi mota 'yar Kwatano a hannun wani dila, ina lodi da ita tsakanin Kano da Zariya. Ɗana ya gani a intanet cewa kamfanin da ya ƙera ta ya yi wa irinta kiranye a Amurka, wato ya ce a mayar masa da su ya gyara, saboda fad ɗin birkinta yana ɓarewa. Dilan ya ce ba ruwansa. Ina mafita?

Amsa: Malam, kafin maganar shari'a, ka ajiye motar tukuna. Tun ranar da labarin nan ya shiga kunnenka matsayinka ya canza. In birki ya tsinke da fasinja a ciki, Allah ya kiyaye, lauyan wanda ya ji rauni cewa zai yi ka sani ka ci gaba da lodi. Sakaci ke nan, kuma a kanka diyya za ta faɗo.

Sannan ka tabbatar taka na cikin waɗanda aka kira, don kiranye ba ya hawa kan kowace mota mai sunan. Duba gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, za ka ga lambar shasi, haruffa da lambobi 17. Ɗanka ya shigar da ita a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, zai ga ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Kada ka yi mamaki in bakanike ya kwance taya ya tarar an daɗe da canza fad ɗin asalin, tunda abu ne mai cinyewa.

Dokar Amurka ta wajabta wa kamfani gyara kyauta muddin motar ba ta wuce shekara 15 ba, amma ikonta bai tsallako teku ba. Rubuta wa wakilin kamfanin na nan takarda, ka haɗa da lambar shasi. In ya karɓa, falillahil hamdu. Tilasta masa gyaran motar da ba shi ya shigo da ita ba kuwa, da kamar wuya.

Shi ma dila bai wanku sarai ba. Dokar Najeriya ta kare masu sayayya ta 2018 ta ba ka haƙƙin samun kaya marar haɗari, kuma kana iya kai ƙorafi hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya. Sai dai motar hannu ce, ƙararka za ta yi ƙarfi ne in ka nuna ya san da matsalar ya ɓoye, ko ya rantse maka birki lafiya lau yake.

Ni dai a ganina, tunda ba wanda ya ji ciwo, kuɗin sabon fad bai kai na shigar da ƙara ba. Canza shi da mai kyau, ka karɓi rasit. Tsohon kuma kada ka bari yaran gareji su jefa shi cikin gwangwani. Ɗauke shi hoto yana jikin motar, ka ƙulle shi a leda ka adana, don shi ne shaidarka ranar da za ka nemi a mayar maka da kuɗinka.