Amsa ga mai shirin sayen Aston Martin V8 Vantage ta hannu a Ingila

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka ga Aston Martin V8 Vantage ƙirar 2007, mai injin lita 4.3 da giyar hannu, ta ci mil dubu 48. Kana zaune a Birmingham, ba ka da gareji, bakin titi za ta riƙa kwana, kuma kana son sanin ko mai albashi zai iya riƙe ta, da abin da ya kamata ka duba kafin ka biya.

Zai iya, amma da sharaɗi. Mutane da yawa injin suke tsoro, alhali shi ne mafi ƙwari a jikin motar. Asalinsa daga injin V8 na Jaguar ne, aka sake masa aiki sosai, aka haɗa shi a Cologne ta Jamus, ita kuwa motar a Gaydon aka ƙera ta, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga inda kake. Sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa, ba bel ba, saboda haka babu zancen canza bel bayan 'yan shekaru. Ƙarfin doki 380 gare shi, na lita 4.7 da ya fito a 2008 kuma 420. In yana samun mai a kan kari, ba kasafai yake ba da matsala ba. Kuɗin wanda ya mallaki wannan mota a wasu wurare yake zurarewa: kuloci, batir, tsatsa, da haraji.

Kuloci shi ne babba, shi ya sa zan daɗe a kansa. Na asali faifai ɗaya ne, kuma bai cika daɗewa ba. Akwai wanda ke ƙarewa kafin mil dubu 25, akwai wanda ke ninka haka, ya danganta da ƙafar direba da irin hanyar da yake bi. Abin da ke cinye shi shi ne ribas. Giyar ribas ɗin motar doguwa ce, wato in ka saki kuloci gaba ɗaya sai ta zabura baya da saurin da ya fi ƙarfin wurin fakin, dole ka riƙe shi rabi da rabi kana ba da wuta. Yi haka a kan gangare sau biyu ko uku, za ka ji ƙaurinsa har cikin mota. Kai da za ka riƙa matsa ta tsakanin motoci biyu a bakin titi kullum, wannan ya shafe ka kai tsaye. Dabarar ita ce ka riƙa sakin kulocin kaɗan ka taka shi, ka sake sakinsa kaɗan ka taka, ba tare da ɗaga totur sosai ba, kuma ka guji hawa tudu da baya in akwai yadda za ka yi.

Canza shi aiki ne babba saboda yadda aka tsara motar. Injin yana gaba, giyabos ɗin, ƙirar kamfanin Graziano, yana baya tare da gatarin ƙafafun baya, wani dogon bututu ya haɗa su, sandar juyi na cikinsa. Kafin a kai ga kuloci sai an sauke salansa, an sauke giyabos, an ja bututun baya. Kuɗin aikin ma kawai ya isa abin magana. Ka sa a ranka fam dubu biyu zuwa uku a wajen makaniken da ya ƙware a kan Aston, a wajen dila kuma fiye da haka. Tunda an riga an buɗe, a canza beyarin da ke sakin kulocin da silindar da ke tura shi, a kuma duba fuskar fulawil, wato faifan injin da kulocin ke kamawa. Mai ƙin canza su don ya rage ɗari biyu ko uku shi ke biyan kuɗin sauke giyabos sau biyu. Masu motar da yawa suna komawa kuloci mai faifai biyu, irin tsarin da ke kan V12 Vantage, tare da fulawil mara nauyi. Ya fi tsada, amma fedar ta fi laushi kuma ya fi jure cunkoso. A ganina in kana da niyyar riƙe motar fiye da shekara uku, shi ne daidai.

Motar da ta ci mil dubu 48, ko dai an riga an canza mata, ko lokacin ya matso. Ka nemi rasit mai kwanan wata da adadin mil. Maganar baki ba hujja ba ce. Wajen gwaji, ka lura ko fedar ta yi tauri ƙwarai, ko sai ta kusa ƙarewa sama take kamawa. Sannan a hanya miƙaƙƙiya ka sa giya ta huɗu ko ta biyar, injin na juyi wajen dubu biyu, ka taka totur ƙasa. In allurar juyi ta haura amma gudun bai bi ta ba, kulocin yana zamewa, ka cire kuɗinsa daga farashi. Taurin shiga giya ta ɗaya da ta biyu da sanyin safiya kuwa halinta ne, yana sakewa in mai ya yi ɗumi. In bai sake ba bayan minti goma sha biyar, a duba man giya da wayoyin da ke jan giyar.

Ka yi sa'a mai giyar hannu ka samu. Mai Sportshift, wato giyar da ba ta da fedar kuloci, kuloci iri ɗaya ne, kwamfuta ce kawai ke taka shi, kuma a cunkoson gari tana fizga tana cin faifai.

Sai baƙin mai. Wannan injin ba ya tara mai a ƙasansa kamar motocin da muka saba, tanki daban gare shi a gaban injin, famfo ke zuƙo man yana mayarwa. Illar rashin sanin haka ita ce mutum ya zo da safe, motar ta kwana, ya zaro sandar awo ya ga kamar mai ya yi ƙasa, alhali ya gangara cikin injin ne. Sai ya ƙara lita ɗaya, ya wuce ƙima, rarar ta bi hanyar numfashi ta shiga inda iska ke shiga, hayaƙi ya tashi. Ka'idar ita ce ka tsayar da ita a wuri mai daidaito, ka tayar da injin na ɗan gajeren lokaci, ka kashe, ka ɗan jira kaɗan, sannan ka auna. Adadin daƙiƙoƙin yana cikin littafin motar, ka bi shi yadda yake. Man da take sha 10W-60 ne, kusan lita goma a kowane canji, kada wani ya zuba maka 5W-30 don shi ke kusa. Sabis duk shekara ne ko duk mil dubu goma, wanda ya riga zuwa. Ko mil dubu biyu kacal ka yi a shekarar, a canza.

Masu lita 4.3 an san su da tsattsafar mai daga murfin gaban injin, inda sarƙar taimin take. Gasket ɗin ba tsada, isa gare shi ne aiki. Ɗan danshi ana iya zama da shi ana lura, amma in mai yana ɗiga kan farantin ƙasa ko ya taɓa bel, sai an yi. Ba za ka gani daga sama ba, sai an ɗaga motar an cire farantin. Tamostat ma, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin injin, yana mutuwa a buɗe: allurar zafi ta ƙi kaiwa tsakiya a babbar hanya, hita ta yi rauni, fitilar gargaɗi ta kama. Wannan gyara ne mai sauƙi. Haka kukan bel da sanyin safiya.

Yanzu maganar kwana a titi, wadda ita ce ta fi damuna a tambayarka. Motar tana shan batir ko tana kashe, saboda ƙararrawa da na'urar bin sawu da sauran kwamfutocinta. Sati biyu zuwa uku ba a tayar ba, sai ka tarar da ita shiru. Kuma mutuwar batir a wannan mota ba ta tsaya ga ƙin tashi ba: gilasan ƙofa suna mance iyakarsu, su daina ɗan sauka in an buɗe ƙofa, saƙonnin gargaɗi na ƙarya su cika allo. Masu gareji suna barin ta a jone da ƙaramar caja mai kula da batir. Kai ba ka da soket a bakin titi. Saura ko ka fita da ita tafiyar aƙalla minti arba'in duk mako, ba zagayen unguwa ba, ko ka kama hayar gareji mai wuta. Na biyun ya fi, domin zai rage maka kuɗin inshora, zai kuma kare ta daga damshi. Fitilun bayanta suna tara raɓa a ciki har su lalace, kuma ba kwan fitila ake canzawa ba, dukan fitilar ake saye.

Kada a ce maka alminiyam ce ba ta tsatsa. Gaskiya ne ƙashin jikinta alminiyam ne da aka manne da gam na musamman, amma alminiyam ma yana ruɓewa ta hanyarsa. Ka duba kewayen mariƙin ƙofa, gindin madubi, da gefen ƙofofi na ƙasa, ka shafa da yatsa ko za ka ji fenti ya kumbura. Firam ɗin da ke riƙe da ƙafafun baya kuwa ƙarfe ne, kuma gishirin da ake watsawa a titunan Ingila da hunturu yana cin sa. Mota mai wannan shekaru, in ba a taɓa kankare shi an shafe ba, akwai aiki a gaba. Abin da ya fi wannan muni shi ne tsohon hatsari. Jikin da aka manne ba kowane mai gyaran bodi ke iya taɓa shi ba, saboda haka in binciken tarihi ya nuna an taɓa sa ta a rukunin S, wato hatsarin ya taɓa ƙashin jiki, ka bar ta komai arahar. Kyan ɗan maciji ke nan.

Taya, in mai inci 19 ce, 235/40 a gaba, 275/35 a baya. Na baya suna saurin ƙarewa. Ka karanta lambobi huɗu na shekarar ƙira a gefen tayar, domin irin waɗannan motoci ba sa yawan tafiya, sai ka ga zane cike amma robar ta shekara takwas ta bushe, kuma a jiƙaƙƙen titi wannan haɗari ne ga mota mai tura ƙarfi ta baya. Birkin Brembo ne, yana yawan ƙara ko lafiyarsa ƙalau, amma ka sa a auna kaurin faifan. Hambirkin ma yana rikita baƙo: yana gefen kujera ta wajen ƙofa, in ka ja shi sai sandar ta koma ƙasa alhali yana kame. Don sakinsa sai ka ɗaga, ka danna maɓallin, ka sauke. Mutane sun sha tafiya da shi a kame har ya ƙone.

Ga lissafin da ba ya canzawa ko motar ba ta motsa ba. Harajin hanya: tunda an yi mata rajista bayan 23 ga Maris 2006, kuma hayaƙinta ya zarce giram 255 a kilomita nesa ba kusa ba, tana rukunin ƙarshe, sama da fam 700 a shekara. Irinta sak da aka yi wa rajista kafin wannan rana tana biyan fam ɗari huɗu da wani abu, shi ya sa ake rububin na farkon. Inshora tana rukuni na 50, mafi tsada, kuma wasu unguwannin Birmingham suna cikin masu tsadar inshora a ƙasar, ballantana motar da ke kwana waje. Ka nemi farashi da ainihin adireshinka tun kafin ka je ganin motar, ka tambayi kamfanonin da ke inshorar motocin alfarma tsarin ƙayyade mil a shekara, kuma ka faɗi gaskiyar inda take kwana, don in ka ce gareji aka sace ta a titi za su iya ƙin biya. Fetur kuwa, tankin lita 77 ne, a gari da ƙyar take ba ka mil 15 a galan, a babbar hanya ta ɗan haura 20. Ka riƙa zuba mata mai lamba 97 zuwa sama. Abin daɗi ɗaya, injin fetur ne mai matakin Euro 4 a ma'aunin hayaƙi na Turai, don haka bai kamata ta biya kuɗin yankin tsaftar iska na Birmingham ko irinsa na Landan da ake kira ULEZ ba, amma ka sa lambarta a shafin gwamnati ka tabbatar.

Bayan haraji da inshora da fetur, ni dai ba zan ba kowa shawarar saye ba sai yana iya ware fam dubu biyu zuwa uku duk shekara don sabis da taya da abin da ya taso, da wasu dubu uku a ajiye tun ranar farko don kuloci. In sayen zai share asusunka tas, lokaci bai yi ba. Kuma in a ranka akwai tunanin wata rana ka sa ta a jirgi zuwa gida, cire shi: sitiyarinta a dama yake, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, doka ba ta yarda da irin wannan sitiyari ba, ga shi gabanta ƙasa-ƙasa ne, tudun rage gudu na Ingila ma sai an bi shi a karkace.

Kafin ka je, ka buɗe tarihin MOT ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, a shafin gwamnati, kyauta ne, ka ga ko adadin mil yana hawa daidai shekara bayan shekara da abin da aka sha yi mata gargaɗi a kai. Ka biya a yi binciken bashi da hatsari. Ka gwada lambar jikin motar da ta takardar rajista, wato V5C. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa bonet ka tabbatar da sanyi, don ka ji yadda take tashi. Makulli biyu ne ya kamata a ba ka. Daga nan ka biya ƙwararren makaniken Aston, akwai su da dama a yankin Warwickshire da kewaye, ya ɗaga ta, ya cire farantin ƙasa, ya jona ta da kwamfutar binciken Aston. In mai ita ya fara kawo uzuri a kan wannan, bar masa abarsa, akwai wasu a kasuwa.

Ka turo mana abin da tarihin MOT ɗin ya nuna, da shekara da mil ɗin da aka canza kuloci in akwai rasit, da farashin da ya sa mata, sai mu ga nawa ya kamata ka taya.