Tambaya da Amsa: Wace kotu ce ta ɗaure Hissène Habré?

Tambaya: Assalamu alaikum. A fadarmu an turo wani saƙon WhatsApp mai cewa kotun duniya ta CPI ce ta ɗaure tsohon shugaban Cadi Hissène Habré, bayan ta tabbatar da cewa ya kashe mutum 40,000, kuma an biya kowa diyya. Ina so in sa wannan a aikin makaranta. Ta yaya zan tantance shi? Ɗalibi daga Birni, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sa shi yadda yake, don kurakurai uku ne a ciki.

Fara da sunan kotun. CPI da ke Hague ba ta da hurumin sauraron laifin da aka aikata kafin 1 ga Yuli 2002, shi kuwa Habré ya yi mulki ne daga 1982 zuwa 1990. Wannan kaɗai ya isa ya rusa saƙon. Wadda ta yi masa shari'a kotu ce ta musamman da Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa cikin tsarin kotunan Senegal, a Dakar. An fara zama ranar 20 ga Yuli 2015, kuma ranar 30 ga Mayu 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai kan laifukan yaƙi, cin zarafin bil'adama da azabtarwa. Kada ka haɗa ta da kotun Cadi da ta zauna a Njamena, wadda a watan Maris 2015 ta hukunta jami'ai 20 na zamanin Habré, cikinsu har da tsohon shugaban ƴan sandan ciki na DDS. 

Sai adadin, kuma a nan ne masu rubutu suka fi tuntuɓe. Mutum 40,000 ƙiyasi ne na kwamitin binciken da gwamnatin Cadi ta kafa, wanda ya fitar da rahoto a 1992. Takardun DDS da ƙungiyar Human Rights Watch ta gano a 2001 sun nuna sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da 12,321 da aka ci zarafinsu. Babu saɓani tsakaninsu: ɗaya ƙiyasi ne na ƙasa baki ɗaya, ɗaya kuma abin da ya tsira a rubuce. Amma duk wanda ka ɗauka, ka faɗi mai shi da shekararsa. Jaridu goma da suka kwafo daga wuri guda shaida ɗaya ce.

Duba kuma matakin da shari'a ta kai lokacin da aka rubuta labarin. Tuhuma daban, hukuncin farko daban, na ɗaukaka ƙara daban. Ranar 27 ga Afrilu 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ɗaurin, amma ta soke laifin fyaɗen da aka ce shi da kansa ya aikata, saboda ba ya cikin takardar tuhuma tun farko. Labarin 2016 ba zai nuna maka haka ba. Takardun hukuncin da Faransanci suke: na farko "jugement", na biyu "arrêt". Buɗe shafukan ƙarshe, inda alƙalai suka jera abin da suka yanke, ka gwada da abin da jarida ta ce. Hoton shafi ɗaya marar kwanan wata da sunan alƙali, kada ka dogara da shi. Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso ne ya jagoranci zaman farko, Wafi Ougadeye na Mali na biyu.

Batun diyya shi ya fi ciwo. Kotun ɗaukaka ƙara ta Dakar ta ba da umarnin a biya mutum 7,396 sefa biliyan 82 da ɗoriya, amma Habré ya rasu a watan Agusta 2021 ba a biya ba. Sai a 2024 gwamnatin Cadi ta fara raba biliyan 10. Saboda haka ka rubuta "an yanke diyya", ka kawo adadin da aka yanke da wanda aka fara rabawa, kowanne da shekararsa.